Hunturu a Ƙasar Narambaɗa: Wa Zai Buɗe wa Ɗaliban Ƙaura Dandali?

Daga ƙarshen watan Nuwamba iska takan juya a arewacin Zamfara. Ta daina zuwa da laima daga kudu, ta koma busowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara. Kafin tsakiyar Disamba hazo ya lulluɓe gari, rana ta fito ba ƙarfi, leɓe ya tsage, kaushi ya kama dunduniya, mai shayi da mai ƙosai su fara ciniki tun da asuba. A Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, wannan lokaci ne da manomi ya gama da gero da dawa, ya cire gyaɗa, ya tsinci auduga, rumbu ya cika, aljihu ya ɗan yi nauyi. Tun zamanin kakanni shi ne lokacin aure da biki, lokacin kalankuwa, lokacin da 'yan dambe da 'yan kokawa ke bin garuruwa, Fulani su yi sharo a bakin kasuwa, makaɗa su ɗaure kayan kiɗa su shiga yawo. Mutumin wannan yanki bai taɓa ɗaukar sanyi a matsayin lokacin ɓuya a ɗaki ba. Damina ta aiki ce, bazara ta zafi da jiran ruwa, hunturu kuwa na jama'a ne.

A tsakiyar wannan ƙasa ne gwamnatin tarayya ta kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda a 1983, wadda kowa ke kira Foli. Ta girmi jihar kanta da shekara 13, domin sai a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato. Ta kuma girmi Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da shekara 30. Yaron Shinkafi ko Moriki ko Birnin Magaji da ya gama sakandare, yana son ci gaba da karatu ba tare da ya yi nisa da gida ba, Ƙaura ce ƙofar da ta fi kusa da shi. A nan zai zauna aji ɗaya da Bayarabe daga Kwara, da Nufawa daga Neja, da Tibi daga Binuwai, da 'yan kudancin Kaduna. Ƙaura ta saba da baƙi tun 1929, shekarar da layin dogo daga Zariya ya ratso Gusau ya zo ya tsaya a nan, ya zama ƙarshen hanya. Jirgin ya kwashi gyaɗa da auduga da fatu, ya sauke ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Yau jirgin ya daina zuwa, makarantar ce ta gaji aikin tara mutane.

Yadda yamma take

Wanda ya san rayuwar manyan makarantun Arewa ya san yadda la'asar ɗin hunturu take. Zafin da ke hana motsi a watan Afrilu babu shi, ruwan da ke mayar da fili taɓo a watan Agusta babu shi. Ana idar da salla samari su fito da takalman ƙwallo, wasu da silifas, a raba gida biyu, a buga har ƙura ta turnuƙe. A gefe wasu na buga ƙwallon raga, wasu na teburin tanis, 'yan mata na kallo daga nesa ko suna yawo biyu-biyu cikin rigunan sanyi a ƙarƙashin hijabi. Gasar ƙwallo tsakanin sassa, inda masu karatun akanta ke karawa da masu injiniya, ita ce babban abin da ke haɗa ɗalibai a kusan kowace foliteknik a ƙasar nan, kuma daga irinta ake tsamo waɗanda za su wakilci makaranta a wasannin NIPOGA, wato gasar da kwalejojin fasaha ke yi a tsakaninsu, takwarar NUGA ta jami'o'i.

Da dare kuma sai gidan kallon ƙwallo. Hunturu ne tsakiyar kakar wasannin Ingila da Sifen, kuma sau da yawa a cikinsa ake buga Kofin Afirka. Wanda aka yi a Kwaddibuwa daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu 2024, inda Najeriya ta kai wasan ƙarshe ta sha kashi da ci 2 da 1 a hannun masu masaukin baƙi, cikin sanyi aka kalle shi, kowa ya ƙudundune a kan benci. Kiɗa kuwa yana cikin waya: Hamisu Breaker, Ado Gwanja, Nura M. Inuwa, Ali Jita, Aminu Ala, ga na Legas, ga ƙasidu, ga karatun Alƙur'ani. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi tana da wa'azinta da musabaƙarta, ɗalibai Kirista suna da mawaƙan coci da ke ƙara himma in Kirsimeti ya matso, ƙungiyoyin 'yan jiha ɗaya kan shirya ranar al'adu, a ga rawar Suwange ta Tibi da Atilogu ta Ibo da kiɗan Bata na Yarabawa.

Duk wannan abu ne mai kyau, kuma ba na raina shi. Sai dai irinsa za ka gani a Bida ko Mubi ko Nasarawa. Babu abin da zai gaya wa baƙo cewa a ƙasar Zamfara yake, ƙasar da in ana lissafin makaɗan Hausa na ƙarni na 20 sai a ga kamar da gangan Allah ya tara su a wuri guda.

Gadon da ke bayan katanga

A ƙasar Shinkafi akwai gari mai suna Tubali. Can aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960 amma har gobe manazarta ba su gama da shi ba. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kansa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi shekaru yana bin tarihinsa da na takwarorinsa, Jami'ar Bayero ta Kano ta taɓa shirya taron masana na musamman domin waƙoƙinsa kaɗai. Abin da ya kamata ɗalibin Foli mai son wasanni ya sani shi ne, kafin Narambaɗa ya zama makaɗin fada ɗan kokawa ne, kuma a gidan kokawa ya tashi. Ya yi kiɗan noma kafin ya shiga fada. Ɗaya daga cikin waƙoƙinsa da suka fi shahara, Dokin Iska Ɗanhilinge, waƙar dokin sukuwa ce. Ke nan babban mawaƙin wannan ƙasa ya fito ne daga filin wasa, kuma bai manta da filin ba ko da ya hau tabarmar sarakuna.

Zurmi ta ba da Kassu Zurmi, makaɗin maza, wanda 'yan tauri da mafarauta ke jin muryarsa tsikar jikinsu ta tashi. Sububu ta ba da Amali, makaɗin manoma, wanda waƙarsa ke sa ƙato ya manta da gajiya a bakin kunya. In ka ɗan matsa yamma, Bakura da Maradun sun ba da Musa Ɗanƙwairo, Faru ta ba da Sa'idu Faru, Rawayya ta ba da Salihu Jankiɗi wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, Kanoma ta ba da Sani Sabulu. Shago, ɗan damben da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya ɗaukaka sunansa har ya zama kowane Bahaushe ya san shi, shi ma ɗan ƙasar Zamfara ne.

A duba wannan jeri da kyau. Noma, farauta, tauri, dambe, kokawa, sukuwa: kowane motsin jiki yana da kiɗansa, kowane gwani yana da makaɗinsa. A tsarin boko akwai ofishin wasanni daban, ƙungiyar wasan kwaikwayo daban, mawaƙa daban. A dandalin Bazamfare ba a san wannan rabuwa ba. Ɗan dambe ba ya shiga fili sai kalangu ya kira shi da takensa. Zai tashi, hannu ɗaure da zare, ya zagaya yana kirari, ya ambaci gidansu da ubangidansa da waɗanda ya kashe, kisa a nan yana nufin kai abokin karawa ƙasa. Kirarin nan adabi ne, taken nan kiɗa ne, turmi ukun da za su yi kuwa wasa ne mai ƙa'ida da alƙali. Mai kallo ya biya kuɗin shiga sau ɗaya ya samu abu uku. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, suna yin sa da kaka in amfani ya zo gida, daga baya ya zama na duk mai ƙarfin zuciya, aka rarrabu zuwa ɓangarori irin su Kudu da Arewa da Guramaɗa. Yanzu ya kai ga kamfanoni suna ɗaukar sa a bidiyo, mutanen Amurka da Birazil suna kallo a YouTube. Abin da duniya ke nema ta intanet, a ƙofar gidan ɗalibin Ƙaura ya tsiro.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane darajar irin wannan. Tun 1975 suka mayar da kokawa gasar ƙasa, wadda ake kira Takobi, ana zagayawa da ita jiha-jiha, yawanci cikin sanyin nan, a gina mata fili na musamman, rediyo da talabijin su ɗauka kai tsaye, ƙasa ta tsaya cik. Issaka Issaka na Doso ya ɗaga takobin sau da dama, yara a Maraɗi sun san shi kamar yadda namu suka san 'yan wasan Turai. Daga Shinkafi ko Zurmi zuwa kan iyakar Nijar ba wata tafiya ba ce. Jama'a ɗaya ce, harshe ɗaya, kokawa ɗaya. A nan gida ma, Bikin Wasanni na Ƙasa da aka fara a Legas a 1973 ya daɗe da karɓar dambe da kokawa da langa a matsayin wasannin da ake cin lambar zinariya da su. Ashe ba hujja ba ce a ce waɗannan wasannin ƙauye ne da ba su dace da harabar makaranta ba.

Abin da ya rufe dandali

Da a ce ƙauyuka suna nan yadda suke, da sai a ce makaranta ta ji da karatunta, gari ya ji da wasansa. To, ba haka abin yake ba. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna cin karensu babu babbaka a wannan yanki. Zurmi da Shinkafi suna cikin ƙananan hukumomin da suka fi jin jiki. Sububu, garin Amali, yau in an ambace shi daji ake tunawa da masu ɗauke da makamai. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, wadda fatake da 'yan kasuwar Alhamis ke bi ba dare ba rana, ta zama sai da addu'a, wani lokaci sai da rakiyar jami'an tsaro. Manomi a wurare da dama sai ya biya haraji ga ɓarayin daji kafin ya girbe abin da ya shuka da hannunsa. Wanda bai kai amfani gida ba, da me zai yi kalankuwa? Garin da ake kulle ƙofa tun magariba, ina zai samu 'yan matan da za su yi gaɗa a farin wata, ko yaran da za su yi langa?

Makarantu ma ba su tsira ba. A watan Mayu 2019 an kai hari makarantar sakandaren 'yan mata ta Moriki a ƙaramar hukumar Zurmi. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe ɗalibai 279 daga Jangebe. A watan Agusta na shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai sama da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun, a wannan tsakani ne aka rufe makarantu, aka hana cin kasuwannin mako, aka katse layukan waya a faɗin jihar. A watan Satumba 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen da suke haya a Sabon Gida. Duk shugaban makarantar da ya ga wannan, in ya ce ba taro bayan isha'i, ba wanda zai zarge shi. Iyaye ma abin da suke faɗa wa 'ya'yansu ke nan in za su tafi: daga aji sai ɗaki, ban da yawo.

Amma a lura da abin da ke biyo baya. Yaron da aka haifa a Zurmi a 2005 ya kai shekarun shiga Foli ba tare da ya ga cikakkiyar kaka irin wadda mahaifinsa ya gani ba. Tsofaffin makaɗa suna mutuwa, 'yan amshinsu sun watse, wasu suna gudun hijira a Gusau ko Ƙaura, wasu sun jingine kalangu sun kama acaɓa. Kuma kunnen matashi ba ya zama babu abin ji. An ga lokacin da waƙar yabon ɗan bindiga Bello Turji ta riƙa yawo a wayoyin samari. Al'adar da ta saba yi wa jarumi kirari, in ta rasa ɗan kokawa da manomi da mahayin doki, za ta samu wanda za ta yi wa, ko da kuwa shi ne mai ƙona rumbuna. Wannan ne ya sa nake ganin maganar wasa a harabar makaranta ba ƙaramar magana ba ce a Zamfara.

Foli tana da abubuwan da ƙauye ya rasa: fili mai faɗi, masu gadi, dubban matasa a wuri ɗaya, da rana tsaka da za a iya yin taro a watse kafin magariba. Tana da ɗalibai masu karatun kwamfuta da lantarki waɗanda za su iya ɗaukar murya da hoto su adana. Gusau, mai nisan kusan kilomita 60, tana da sashen da ake nazarin Hausa a jami'arta. Abin da ya rage shi ne niyya.

Masu ja da magana

Na san akwai masu cewa a'a, kuma dalilansu ba na wasa ba ne. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, aka sanar a watan Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairu 2000, kuma tun daga lokacin kiɗa da taron maza da mata suka zama abin taka-tsantsan. Gidan dambe kuma kowa ya san abin da kan raɓe shi: layu da guraye, caca, shaye-shaye, ashar. Kassu Zurmi kansa ya yi wa ɓarayi waƙa, ba wanda zai musa. Uban da ya sayar da buhun gero ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya tambaya ko wannan ne abin da za a koya masa.

Amsata ita ce, makaranta ce kaɗai wurin da za a iya raba tsaki da tsakuwa. A gidan dambe na haya mai gida kuɗi yake nema, ba ruwansa da wanda ya bugu. A harabar makaranta ana iya cewa da rana za a yi, ba laya, ba caca, a auna nauyin 'yan wasa, likita yana zaune a gefe, mata suna da wurin zamansu. Kokawa ba baƙuwa ba ce a Musulunci, malamai suna kawo labarin kokawar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Rukana, kuma tseren dawaki da harbi suna cikin abin da aka kwaɗaitar. Langa kuwa ko mai tsananin ra'ayi ba zai samu abin cewa a kanta ba: ƙafa ɗaya a hannu, ɗaya a ƙasa, a kare ruwa har ya sha. Ba ta buƙatar ko sisin kwabo na kayan wasa. Waƙoƙin Kassu ma ana iya zama a saurare su da kunnen nazari, a tambayi yadda aka yi al'umma ta riƙa jinjina wa mai ƙwace, tambayar da babu inda ta fi dacewa a yi ta kamar Zamfara ta yau.

Akwai kuma gefen da ba shi da gardama ko kaɗan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, kuma da waƙa shi da jama'arsa suka isar da saƙo ga talakawa, cikin Fulatanci da Hausa. Ƙaura kanta sunan Muhammadu Namoda take ɗauke da shi, jarumin Alibawa da ya taka rawa a yaƙin da ya kai ga faɗuwar Alƙalawa a 1808. Gasar rubutacciyar waƙa, muhawara, kacici-kacici, karin magana, tatsuniya cikin Zamfarci tsantsa: duk waɗannan gado ne, kuma a nan ne ɗalibai mata za su fi samun fili. Yawanci in an yi maganar wasanni a makarantunmu, maza ake nufi, mata su zama 'yan kallo. Alhali waƙoƙin gaɗa da na daka da na reno a bakin mata suke, kuma su ne suka fi saurin ɓacewa, domin ba a ɗauke su a faifai kamar na makaɗan fada ba. Ɗaliba ɗaya daga Shinkafi da waya a hannu, in ta zauna da kakarta hutun ƙarshen zango, za ta dawo da abin da babu shi a kowane ɗakin karatu.

Batun kuɗi ba zai zama cikas ba. A yawancin manyan makarantun ƙasar nan ɗalibi yana biyan kuɗin wasanni cikin kuɗin rajista kowace shekara, kuma yana da kyau ƙungiyar ɗalibai ta riƙa tambayar inda suke shiga. Filin kokawa yashi ne da igiya. Ƙura ce kawai abin kula, domin hunturu lokacin mura da tari da asma ne, kuma mutanen Zurmi ba su manta da sanƙarau ɗin da ya ɓarke a ƙarshen 2016 ya bazu cikin 2017 ba. A yayyafa wa fili ruwa, a yi taro a sarari maimakon cunkushe mutane a zaure. Matsalar da ta fi wannan ita ce kalandar karatu, wadda yajin aiki da annobar korona ta 2020 suka birkita, har ya zama wata shekara sanyi ya faɗo kan jarrabawa, wata shekara kan hutu. Mako ɗaya tak da za a tsayar a watan Janairu, a rubuta shi cikin kalandar makaranta yadda ake rubuta bikin rantsar da sababbin ɗalibai, ya isa a fara.

Kira na ga hukumar Foli, da masarautun Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da Moriki, da gwamnatin Dauda Lawal wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023: a ware wannan mako tun hunturu mai zuwa. A gayyato makaɗan da suka rage daga Tubali da Zurmi, a biya su, a ɗauki muryoyinsu a ajiye a ɗakin karatun makaranta, a ba jami'ar Gusau kwafi. A sa kofi na langa da na kokawa kusa da na ƙwallo, a sa kyauta ta waƙa ga ɗalibai mata. Ku kuma ɗalibai 'yan wannan yanki, kada ku jira sai an kira taro. Duk wanda zai je gida hutun nan, ya nemi tsohon da ya taɓa riƙe kalangu ko ya taɓa ɗaura zare a unguwarsu, ya gaishe shi, ya nemi izini, ya kunna waya ya ɗauka.